Bayani a Kan Rinin Gashi, Farkonsa da Jujjuyawarsa

Da sunan Allah nake farawa, Shi nake gode wa, wanda Ya sanya wa kowane gashi launinsa, Ya kuma yanka masa ajalin da zai yi fari. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya kai almajiri mai neman sani, da kai falke mai bin kasuwanni, ka sani, Allah Ya yi maka rahama, mas'alar rinin gashi ƙarama ce a ido, amma an raba aure a kanta, an warware ciniki a kanta, malamai manya sun yi saɓani a kanta, kuma a wannan zamani an binne yara saboda ita. Na ga almajirai suna jifan juna da bidi'a, wannan don ya ga jan gemu, wancan don ya ga baƙi, alhali babu wanda ya bi labarin daga tushensa. Na kuma ga 'yan tireda suna jera kwalayen rini kusa da sabulu da ashana, ba su san abin da ke cikin kwalin ba. Don haka na tattara maka abin da ya sawwaƙa.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Sa'idu ɗan Musayyibi, cewa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya ga furfura. Ya tambayi Ubangijinsa ko mene ne wannan, aka sanar da shi cewa natsuwa ce da kwarjini, sai ya roƙi a ƙara masa. Wannan shi ne gefe ɗaya na al'amarin. Ɗaya gefen kuwa shi ne cewa 'yan Adam tun da can ba kowa ne ke roƙon ƙari ba. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekara ta 852 bayan Hijira, ya ambata a Fathul Bari cewa farkon wanda ya yi rini da baƙi shi ne Fir'auna. A shekarar 1976 ta Miladiyya an ɗauki gawar wani sarkin Masar na dā, Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki fiye da shekara 60, aka kai ta birnin Paris don a yi mata maganin funfuna. Masu binciken da suka duba ta suka sami farin gashin tsufa a kansa, an shafe shi da lalle. Ashe lallen da matanmu ke daka wa amarya ya haura shekara 3,000 yana hawa kan sarakuna.

Mutanen Rum kuwa sun kai abin wani matsayi. Wani marubucinsu mai suna Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79 ta Miladiyya, ya rubuta cewa ana tara matsattsaku a zuba su cikin ruwan tsami a tukunyar darma, a bar su su ruɓe, sa'an nan a shafa ruwan a kai. Ya ƙara da cewa ƙarfinsa ya kai mai shafawa sai ya guntsi mai a bakinsa, in ba haka ba haƙoransa ma su yi baƙi. Suna da wani haɗin kuma na tokar darma da farar ƙasa, ana kwaɓawa da ruwa. A shekarar 2006 wasu masana a Faransa suka sake haɗa shi, suka gano cewa darmar tana shiga cikin silin gashin, ta gamu da farar wutar da Allah Ya halitta a cikinsa, su biyu su zama baƙin abu. Rini ne mai kamawa ƙwarai. Sai dai darma guba ce, tana taruwa a jiki a hankali, ba ta fita da sauƙi. Matan Rum masu dukiya su kuma ba baƙi suke so ba, launin zinariya suke so irin na matan Jamus, har idan rini ya cinye musu gashi sai su sayi gashin kuyangin da aka kamo daga can, a kitsa musu su ɗora.

Fasali a kan Larabawa da zamanin Annabi.

Ibnu Sa'ad ya ba da labari a cikin Ɗabakat cewa Abdulmuɗɗalibi, kakan Manzon Allah, ya tafi Yaman ya sauka a wurin wani babba daga manyan Himyar. Mai masaukin ya ga furfura ta cika kansa, ya yi masa tayin canja ta, aka shafa masa lalle, aka bi da wasma a kai, gashi ya koma baƙi ƙirin. Ya yi guzurinsa mai yawa ya komo Makka. Matarsa Nutaila, mahaifiyar Abbas, da ta gan shi ta ce da abin zai dawwama da ya yi kyau. Daga nan mutanen Makka suka ɗauka. Ka lura da maganar wannan mata, domin ita ta fara faɗin aibin da har yau babu kamfanin da ya iya gyara shi. Gashi yana tsirowa daga ƙasa, misalin santimita ɗaya a wata, kuma abin da ya tsiro da launin gaskiya yake fitowa.

Wasma ganye ne mai ba da shuɗi, ɗan'uwan baban da ake jiƙawa a marina. Katamu kuwa wani tsiro ne na duwatsun Yaman mai ba da baƙi da ratsin ja. Lalle shi kaɗai ja yake bayarwa. Idan aka gama lalle da katamu sai a sami launi tsakanin ja da baƙi, kamar busasshen dabino. Idan aka yi lalle aka bi da wasma mai yawa, sai baƙi. Ka riƙe wannan bambanci, domin duk saɓanin da ke tafe a kansa yake.

A shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da aka buɗe Makka, Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya jawo mahaifinsa Abu Kuhafa, tsoho tukuf, idonsa ya tafi, ya kawo shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kansa da gemunsa fari fat, har masu ruwaya suka kamanta su da sagama, wani tsiron dutse mai yin fari idan ya bushe. Manzon Allah ya nuna da an bar dattijon a gida, shi ya je ya same shi. Sa'an nan ya yi umarni a canja wannan farin da wani abu. Muslim ya kawo hadisin daga Jabir ta hanya biyu. A ɗaya akwai ƙarin cewa a nisanci baƙi, a ɗayar babu wannan ƙari. Buhari da Muslim kuma sun kawo daga Abu Huraira umarni da a saɓa wa Yahudu da Nasara, domin su ba sa rini.

To shi kansa Manzon Allah ya yi rini? Nan ma an saɓa. Anas ɗan Malik, wanda ya yi masa hidima shekara 10, ya ce ya rasu babu farin gashi 20 a kansa da gemunsa, bai kai ga buƙatar rini ba. Amma Ummu Salma ta ajiye wasu silin gashinsa, waɗanda suka gani suka ce ja ne. Rabi'a, malamin Malik, shi ma ya ga wani gashi nasa ja, ya tambaya, aka ce masa turare ne ya mayar da shi haka. Abdullahi ɗan Umar kuma yana rini da rawaya, yana cewa ya ga Manzon Allah yana yi. Imamu Malik ya yi wani istimbaɗi mai kyau a nan. Ya kawo labarin Abdurrahmani ɗan Aswad, mutum mai farin kai da farin gemu, da ya fito wa abokan zamansa wata safiya ya mayar da su ja. Suka yaba. Ya ce musu Uwar Muminai A'isha ce ta aiko masa kuyangarta Nukhaila, ta haɗa shi da Allah ya yi rini, ta kuma sanar da shi cewa Abubakar yana yi. Malik ya ce da Manzon Allah ya yi rini, da shi A'isha za ta kafa hujja da shi, ba mahaifinta ba. Dubi yadda magabata ke fitar da hukunci daga abin da ba a faɗa ba.

Sahabbai sun rabu. Abubakar yana gama lalle da katamu. Umar lalle zalla. Aliyu da Ubayyu ɗan Ka'abu da Salmatu ɗan Akwa'u an ruwaito sun bar furfurarsu yadda take. Wasu kuma an ruwaito sun yi baƙi, cikinsu akwai Sa'adu ɗan Abi Wakkas da Ukbatu ɗan Amir da Hasan da Husaini. Buhari ya kawo daga Anas cewa sa'ad da aka kawo kan Husaini gaban Ubaidullahi ɗan Ziyad, bayan waƙi'ar Karbala a shekara ta 61, gashinsa rinanne ne da wasma. Jikan Annabi ke nan, yana da shekara hamsin da wani abu. Wanda duk ya gaggauta jefa mai baƙin rini a wuta, ya tsaya ya tuna wannan kai tukuna.

Ibnu Shihabin Zuhuri, wanda ya rasu a shekara ta 124, yana da wata magana da nake ganin ta fi dogayen bahasi amfani. Ma'anarta ita ce suna rini da baƙi muddin fuska tana da sauran ɗanyenta, da fuska ta yamutse haƙora suka girgiza sai suka bari. Wato baƙin gemu a kan fuskar da ta tattare ba ya ruɗin kowa, sai dai ya sa yara dariya.

Fasali a kan abin da malaman fiƙihu suka yi da wannan.

An tambayi Malik game da baƙi, ya ce bai ji wani abu tabbatacce a kansa ba, wani launin ya fi soyuwa a gare shi, kuma barin rini gaba ɗaya akwai yalwa a cikinsa. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386, ya tafi a cikin Risala, wadda kake karantawa a zaure: baƙi makaruhi ne ba tare da haramci ba, lalle da katamu babu laifi. Nawawi kuwa, daga Shafi'awa, wanda ya rasu a 676, ya rinjayar da haramcin baƙi, ya riƙe ƙarin da ke cikin hadisin Abu Kuhafa. Akwai kuma hadisin Abu Dawuda mai tsananin narko a kan wasu mutanen ƙarshen zamani masu rini da baƙi. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597, ya saka shi cikin ƙirƙirarrun hadisai. Ibnu Hajar ya zo bayansa ya ce ya yi kuskure, ya rikita wani mai ruwaya amintacce da wani mai rauni don sunansu ɗaya, Abdulkarim. Idan manya irin waɗannan sun ja da juna haka, kai da ba ka sauke Iziyya ba me ya kai ka yanke wa maƙwabcinka hukunci?

Ɗabari, wanda ya rasu a 310, ya daidaita ruwayoyin da cewa umarnin rini ga mai fari irin na Abu Kuhafa ne, wanda kuwa furfura ta ɗan ratsa shi kawai ba a neme shi da komai ba. Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 544, ya kawo cewa a duba al'adar gari da kuma halin mutum. Inda mutane ba su saba rini ba, fita daga al'adarsu neman suna ne. Kuma akwai wanda furfurarsa tsaf take, ta fi masa kyau fara, akwai wanda tasa ke muni sai an rina. Wannan ita ce maganar da zuciyata ta natsu da ita. Dattijon da ya bar gemunsa fari kamar sawun auduga yana da magabaci, wanda ya mayar da nasa ja da lalle shi ma yana da magabaci.

Inda ba a saɓa ba shi ne ha'inci. Masu sharhin Risala sun bayyana cewa karhancin nan yana komawa haramci idan an yi rinin don a ruɗi mai saye ko matar da ake nema, kuma yana komawa abin lada ga mayaƙi da ke so abokan gaba su ɗauke shi matashi. Abu ɗaya, hukunci uku, niyya ce ta raba su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya kawo labari a cikin Ihya'u cewa wani mutum ya yi aure a zamanin Umar yana rini da baƙi. Da kwana ya tafi rini ya koɗe, furfura ta leƙo, dangin matar suka kai shi ƙara. Umar ya raba auren, ya kuma yi masa dukan ladabi don ya ruɗe su da ƙuruciyar da ba shi da ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa tsawonsa bai wuce wata guda ba.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a littafin Gazali shi ne akasin wannan. Ya lissafa cikin abubuwan ƙi cewa wasu suna turara gemunsu da farar wuta don ya yi fari tun lokaci bai yi ba, domin a ɗauke su dattawa, a girmama su, a karɓi shaidarsu, a gaskata cewa sun riski manyan malamai. Ka ji, ya kai almajiri. Tsoho na sayen ƙuruciya a kasuwa, yaro na sayen tsufa, kowa yana gudun shekarunsa. Wannan cuta ta biyu ta masu karatu ce, kuma ba ta mutu ba, ta dai sauya tufafi zuwa ƙaton rawani da sandar da ƙafa ba ta buƙata.

Kai kuma falke, ga naka. A zamanin da ake cinikin bayi, wanda Allah Ya kawo ƙarshensa, wani likita Banasare na Bagadaza mai suna Ibnu Buɗlan, a ƙarni na 5 na Hijira, ya rubuta risala yana tona dabarun dillalai: yadda suke jajanta kumatun da ciwo ya ɗashe, su baƙanta gashi mai haske, su nannaɗe miƙaƙƙe. Malaman fiƙihu suka saka irin wannan a babin ruɗi da aiki. Nawawi a Minhaj ya ce baƙanta gashin abin sayarwa yana ba mai saye zaɓin mayarwa. Shaihu Halil a Muhtasar ya buga misali da ɗiga tawada a rigar bawa don a zaci marubuci ne, ya haɗa shi da ƙin tatsar dabba kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ranar kasuwa. Cinikin mutane ya wuce, ƙa'idar tana nan. Duk abin da ka shafa wa hajarka don ta nuna abin da ba ita ba, daidai yake da ka faɗa da bakinka.

Sarakuna ma ba su tsira ba. Abdurrahmani na Uku, wanda ya mulki Andalus daga shekara ta 300 zuwa 350 ta Hijira, ya kuma kira kansa halifa a Kurɗuba, masu tarihi sun siffanta shi da farar fata da shuɗin ido, domin mahaifiyarsa da kakarsa daga arewacin ƙasar suke, suka ce yana rini da baƙi. Bayansa da ƙarni shida, matan birnin Bundukiyya a Italiya suna hawa soro da tsakar rana, su sa malafa marar tsakiya, su baza gashi a kan gefenta suna shafa masa magani, rana na dukansa har ya yi launin zinariya. Mai haske na neman baƙi, mai baƙi na neman haske.

Fasali a kan rinin kwali.

Duk wannan tsawon zamani rini daga ganye yake, ko daga darma. Abin ya juya a Ingila a shekarar 1856. Wani yaro ɗan shekara 18, Wiliyam Fakin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin sauro, daga kwaltar da ake samu a gawayin ƙasa. Kwinin bai samu ba, sai wani dattin abu a gindin kwalba wanda ya rina alharini ja mai ratsin shuɗi. Daga nan masana'antar rinin kanti ta tashi, wadda daga baya ta karya kasuwar baba a Indiya, ta kuma taɓa marinanmu. A 1863 malaminsa, Bajamushe mai suna Hofman, ya fitar da wani sinadari daga dangin wannan kwalta, wanda a yau ake taƙaita sunansa da haruffa uku, PPD. Shi ne uwar kusan duk baƙin rinin da ke kasuwa. A 1907 wani mai haɗa magunguna a Paris, Yujin Shula, ya fara sayar wa masu gyaran gashi rinin da ya haɗa, a 1909 ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal. A 1956 kamfanin Clairol a Amurka ya fitar da rinin da mace za ta yi a ɗakinta ba mai gani, ya kuma gina tallarsa a kan cewa ba wanda zai gane. Kafin nan mace mai mutunci a can tana jin kunyar a san tana rini. Cikin shekara 20 kunyar ta kau.

Ga yadda yake aiki, kuma wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi zai fahimta da sauri, domin ya ga zane ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Silin gashi yana da ɓawo kamar na kifi. Lalle yana manne wa gashin ya kama shi, ba ya rusa launin asali, shi ya sa jansa ya fi fitowa a kan furfura. Rinin kwali kuwa abu biyu ake gamawa. Akwai amoniya, mai warin nan da ke hawa ka, ita ke buɗe ɓawon. Akwai ruwan haidirojin, irin wanda ake wanke gyambo da shi yana kumfa, shi ke cinye launin asali. Ƙwayoyin PPD ƙanana ne, ba su da launi, sai su kutsa ciki, haidirojin ya sa su harɗe da juna su zama manya masu duhu, ƙofar da suka shiga ta yi musu kaɗan. Don haka ba ya wankuwa. Kuma don haka gashin da aka yawaita yi wa yake bushewa yana karyewa, musamman irin namu baƙi idan samari suka so mayar da shi rawaya don koyi da 'yan ƙwallo, domin sai an ƙone baƙin duka kafin rawaya ta zauna. Game da alwala, launi ne ba ɓawo ba, ba ya hana ruwa isa ga gashi, kamar dai lalle bayan an wanke shi.

Ba a daɗe ba aibinsa ya bayyana. A 1975 wani masani a jami'ar Kalifoniya, Burus Emis, ya gwada rini iri 169 a kan ƙwayoyin halitta ƙanana, 150 daga ciki suka jirkita musu asali, abin da ke sa a yi zargin ciwon daji. Kamfanoni suka cire wasu sinadaran a shekarun da suka biyo. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2010, ta rinjayar da cewa akwai haɗari ga wanzamai da masu gyaran gashi da ke wuni cikin waɗannan magunguna, amma ba ta yanke hukunci a kan mai shafawa a kansa jefi-jefi ba. Ita kuwa darmar Rumawa, ka san yaushe aka rabu da ita? Ta zauna cikin wani rinin maza mai baƙanta furfura sannu a hankali, har sai a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izininta. Kusan shekara 2,000 tsakanin Filini da wannan takarda.

Sai dai cutar da ta fi kusa da ƙofarka ita ce ta PPD. Yana jawo borin jini ga wasu mutane. Mutum zai yi rini sau da yawa lafiya, ranar nan sai fatar kai ta yi ƙaiƙayi, ta ɗuri ruwa, fuska ta kumbura har ido ya rufe, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan har abada. Garin neman gira a rasa ido. Ƙasashen Turai sun iyakance shi ga kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an gama, sun hana ɗora shi a kan fata. Amma a ƙasashenmu ana zuba shi cikin lalle don ya yi baƙi ya kama da wuri, a zana wa amare da 'yan mata ranar salla, ana kiransa baƙin lalle ko dayis. Lalle ba ya baƙi, ganyen bai san wannan launi ba. Wani bincike a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2010 ya sami baƙin lallen da PPD ɗinsa ya kusa kashi 30 cikin 100.

A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, ana sayar da shi dunƙule kamar dutse, mata na niƙawa suna gamawa da lalle. Likitocin Hartum sun rubuta a 1992 cewa tsakanin 1984 da 1989 an kawo musu yara 31 da wannan guba ta kama, 13 suka rasu. Wanda ya haɗiye shi, cikin sa'o'i kaɗan harshe da wuya suke kumbura su toshe numfashi, sai an huda maƙogwaro an sa bututu. Idan ya tsallake wannan, naman jiki ya narke, fitsari ya koma baƙi-baƙi, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari, sai dai a tallafi jiki a asibiti har ya fita. Ko lalle na gaskiya ma likitoci sun hana shafa wa jarirai, domin akwai yaran da aka haifa da wani raunin jini na gado, wanda yake da yawa a cikin baƙar fata, lalle yana farfasa musu jini su yi shawara.

Saboda haka wanda ke sayar da wannan kaya ya duba bayan kwalin, haruffan nan uku suna rubuce idan kamfanin mai gaskiya ne, kuma bayyana aibin haja wajibi ne a kan mai sayarwa. Kada ya ƙulla garin a leda marar suna, kada ya ajiye shi inda yake ajiye kanwa da jar alawa, kada ya miƙa wa yaron da aka aiko ba tare da ya ɗaure bakinsa ya ja masa kunne ba. Mai shafawa kuma ya ɗiga kaɗan a bayan kunnensa ko cikin gwiwar hannu, ya jira kwana biyu cur, sa'a 48. Idan wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, ya zubar da sauran a masai, ya nemi ganyen lalle da na baba, ya sa a daka masa a gabansa.

Tammat.